MINSHARI: YAUSHE YAKE ZAMA CIWO, KUMA YAYA AKE MAGANINSA?

Darasin kiwon lafiya domin ƙungiyoyin zumuntar mata, zumuntar maza da matasa

Manufar wannan darasi

Bayan an gama wannan darasi, ana so kowane ɗan ƙungiya ya iya:

• bayyana abin da ke kawo minshari;
• bambanta minsharin da ba shi da haɗari da wanda ke buƙatar likita;
• sanin abin da za a yi a gida, da kuma inda za a nemi taimako.

Mai jagora ya karanta darasin tun kafin ranar taro. Ya zo da tef ɗin awo irin na tela, da takarda da biro.

Gabatarwa

'Yan'uwa, kusan babu gidan da ba a san minshari ba. A wurin taron zumunta, inda mutane da yawa ke kwana a aji ɗaya, da safe akan yi ta zolayar wanda ya hana jama'a runtsawa. Wasu ma suna ɗauka cewa minshari alamar barci mai daɗi ne, ko alamar mutum ya ci ya ƙoshi. Gaskiya ne, yawancin minshari damuwa ce kawai ga na kusa. Amma akwai wani iri wanda a cikinsa numfashin mutum yake ɗaukewa sau da yawa kowane dare, shi kuwa bai sani ba. Irin wannan yana da hannu a hawan jini, da shanyewar ɓarin jiki, da haɗarin mota. A wurin yara kuma yana iya hana girma da fahimtar karatu. Saboda haka ya kamata mu san yadda za mu gane shi.

Me ke kawo minshari?

Iskar da muke shaƙa tana bi ta hanci, ta wuce ta bayan harshe, ta gangara maƙogwaro zuwa huhu. Bangon wannan hanya ta bayan baki tsoka ce mai laushi, babu ƙashin da ya riƙe ta. Idan muna farke, tsokar tana a ɗaure, hanyar kuma a buɗe. Idan barci ya ɗauke mu, sai tsokar ta saki, harshe ya koma baya, hanyar ta tsuke. Iskar da ke kutsawa ta wannan matsattsen wuri ita ce ke kaɗa beli da ganɗa mai laushi, kamar yadda iska ke kaɗa tabarmar da aka rataya a ƙofa. Ƙarar wannan kaɗawa ita ce minshari.

Duk abin da ya ƙara tsuke hanyar yana ƙara minshari. Ga waɗanda aka fi sani:

• Ƙiba, musamman kitsen wuya da na ciki.
• Kwanciya rigingine, domin harshe yana faɗawa baya.
• Giya, burukutu da ƙwayoyin sa barci, domin suna ƙara sakin tsoka.
• Taba sigari da hayaƙin itace, domin suna kumbura cikin hanci da maƙogwaro.
• Toshewar hanci saboda mura, ƙurar hunturu, karkacewar ƙashin tsakiyar hanci, ko tsiron nama a ciki.
• Shekaru. Tsoka tana ƙara saki yayin da mutum ke manyanta. Maza sun fi yi, amma mata ma yana ƙaruwa musu bayan al'ada ta ɗauke.
• Halitta, kamar ƙaramar haɓa ko babban harshe. Shi ya sa siriri ma yana iya yin minshari mai tsanani.

Lokacin da numfashi ke ɗaukewa

A wurin wasu, hanyar iskar takan rufe ruf. Ƙirji yana ta ƙoƙarin ja, amma iska ba ta shiga. Minsharin yakan tsaya cak, ɗaki ya yi tsit. Iskar oksijin da ke cikin jini tana raguwa, har sai ƙwaƙwalwa ta ji haɗari ta zaburar da mutum. Sai ya ja dogon numfashi da ƙara kamar wanda aka shaƙe, ya koma barci, abin ya sake farawa. Da safe ba ya tuna ko ɗaya.

Likitoci suna kiran wannan ciwo afniya, wato ɗaukewar numfashi cikin barci. Suna ƙirga duk tsayawa ko raguwar numfashi da ta kai daƙiƙa 10 ko fiye. Ga babban mutum, idan ta faru sau 5 zuwa 14 a awa ɗaya, ciwon mai sauƙi ne. Sau 15 zuwa 29, matsakaici ne. Sau 30 ko fiye, mai tsanani ne. Mu yi lissafi: wanda numfashinsa ke ɗaukewa sau 30 a awa, idan ya kwanta awa 7, an katse masa barci sau 210 ke nan a dare ɗaya. Ta yaya zai tashi da ƙarfin zuwa gona?

Wannan ciwo ba na ƙasashen Turai kaɗai ba ne. Wani babban bincike da aka wallafa a shekarar 2019 ya ƙiyasta cewa mutane kusan miliyan 936 a duniya, 'yan shekara 30 zuwa 69, suna da shi, kuma wajen miliyan 425 daga cikinsu nasu matsakaici ne ko mai tsanani. Yawancinsu ba a taɓa auna su ba.

Illar da yake yi wa jiki

Duk lokacin da ƙwaƙwalwa ta zaburar da mutum, zuciya tana bugawa da sauri, jini kuma yana hawa. Idan haka ta ci gaba shekara da shekaru, jinin yakan zauna a sama har da rana. Wajen rabin masu wannan ciwo suna da hawan jini. Idan mutum yana shan maganin hawan jini iri uku yadda aka ce masa, amma jinin ya ƙi sauka, sau da yawa ɗaukewar numfashi cikin barci tana cikin dalilai. Ciwon yana kuma ƙara haɗarin ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da ciwon suga.

Sai kuma gyangyaɗi. Bincike ya nuna cewa direban da ke da wannan ciwo, kuma ba ya magani, haɗarin da zai yi karo ya ninka na sauran direbobi wajen sau biyu ko fiye. Ku tuna da 'yan'uwanmu masu ɗaukar fasinja daga tashar Unguwa Uku a Tarauni, su bi titin Zariya tafiyar awoyi, da masu achaba, da masu aiki da injin niƙa. Hausawa sun ce barci ɓarawo ne. Goro da shayi mai kauri ba sa biyan bashin barcin da aka katse.

A cikin gida ma yana da tasa illar. Mai ciwon yakan zama mai saurin fushi da mantuwa, sha'awarsa ta aure takan ragu, matarsa kuma ita ma ba ta samun barci. Ma'aurata da yawa sun raba ɗaki a kan wannan, kowa na ganin laifin ɗan'uwansa, alhali ciwo ne mai magani.

Alamomin da za a lura da su

Mai minshari ba ya jin minsharinsa. Wanda suke kwana ɗaki ɗaya shi ne shaida. Da dare a lura ko:

• minsharin yana da ƙarfi har ana ji daga waje, kuma kusan kullum;
• yana tsayawa, sannan ya dawo da shaƙewa ko tari;
• mutum yana yawan juyi, da yawan tashi fitsari.

Da rana kuma a lura ko yana tashi da ciwon kai da bushewar baki, yana jin gajiya ko da ya daɗe a kwance, yana gyangyaɗi a wurin sujada, a taro, a kasuwa, ko ana cikin hira da shi.

A shekarar 2008 likitoci a birnin Toronto na ƙasar Kanada sun tsara tambayoyi 8 masu sauƙi, waɗanda ake amfani da su a asibitoci da yawa. Ga ma'anarsu:

1. Kana minshari mai ƙarfi?
2. Kana yawan jin gajiya ko barci da rana?
3. Wani ya taɓa ganin numfashinka ya tsaya kana barci?
4. Kana da hawan jini, ko kana shan maganinsa?
5. Kana da ƙiba mai yawa ƙwarai?
6. Ka haura shekara 50?
7. Kaurin wuyanka ya kai inci 16, wato santimita 40?
8. Kai namiji ne?

Wanda ya amsa "i" sau 2 ko ƙasa da haka, haɗarinsa kaɗan ne. Sau 3 ko 4, ya kamata ya yi magana da ma'aikacin lafiya. Sau 5 zuwa sama, ya nemi ganin likita ba tare da jinkiri ba. Waɗannan tambayoyi suna nuna wanda ya kamata a auna ne kawai. Likita ne zai tabbatar ko akwai ciwon.

Minsharin yara

Yaro mai mura yana iya minshari na 'yan kwanaki, ya daina idan ya warke. Amma yaron da ke minshari kusan kowane dare, lafiyarsa lau ko ba lau ba, yana buƙatar a duba shi. Abin da ya fi kawo haka shi ne girman 'yan wuya, wato ƙulluttukan nama guda biyu da ke gefe da gefen maƙogwaro, da kuma wani nama irinsu da ke ɓoye a bayan hanci, wanda likitoci ke kira adinoyid. Sun fi girma tsakanin shekara 2 zuwa 8.

Irin wannan yaro yana barci baki buɗe, yana zufa, yana ɗaga wuya baya don ya sami iska. Yana iya fitsarin kwance bayan ya wuce shekarun yin haka. Wani ba ya ƙiba ko girma kamar tsararrakinsa. Da rana, maimakon gyangyaɗi, yara da yawa ƙiriniya suke yi da rashin natsuwa a aji, sai a yi ta dukansu a kan abin da ba laifinsu ba ne. Yara masu sikila sun fi sauran yara samun wannan matsala, kuma raguwar oksijin da dare ta fi yi musu illa. Idan ɗanku mai sikila ne kuma yana minshari, ku faɗa wa likitansa.

Maganar cire beli

A ƙasar Hausa an daɗe da al'adar kai jariri ko babba wurin wanzami a cire masa beli, saboda tari, ciwon wuya, ƙin cin abinci ko minshari. Iyayenmu sun yi haka ne da niyyar alheri. Amma beli ba ciwo ba ne, halitta ce da kowa yake da ita. Cire shi ba ya taɓa 'yan wuya, ko naman bayan hanci, ko harshe, ko kitsen wuya, waɗanda su ne ke toshe hanyar iska. Haɗarin kuwa mai yawa ne: zubar jini da ke iya kashe jariri ko mai sikila, ciwon sarƙe haƙora, da kamuwa da ciwon hanta ko ƙanjamau idan an yi wa mutane da yawa aiki da ƙarfe ɗaya. Idan kakanni suka matsa a yi, a yi musu bayani cikin ladabi, a roƙe su a fara kai yaron asibiti.

Mata masu ciki

Ciki yana kumbura cikin hanci, nauyi kuma yana ƙaruwa, don haka mata da yawa sukan fara minshari a watannin ƙarshe. Mace ta ambaci wannan a wurin awo, domin minsharin da ya fara lokacin ciki yana iya tafiya tare da hawan jini. Idan akwai ciwon kai mai tsanani, kumburin fuska da hannu, ko gani dishi-dishi, a tafi asibiti a ranar, domin alamun jijjiga ne.

Uku da ba a jira

Na ɗaya: mutumin da ke minshari amma an tashe shi ya ƙi tashi, bayan ya faɗi, ko ya bugu a kai, ko ya sha ƙwaya ko giya mai yawa, ko yana da hawan jini ko suga. Wannan suma ce. A kwantar da shi a gefe, kada a ɗura masa ruwa ko wani abu, a nemi mota nan take.

Na biyu: yaron da numfashinsa ke ƙara ko yana farke, ƙirjinsa na lotsawa ciki, ko leɓɓansa sun canza launi.

Na uku: zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da kumburin wuya tare da wahalar numfashi. Yana iya zama mashaƙo, cutar da ta ɓarke a ƙarshen shekarar 2022, ta kuma fi tsanani a Jihar Kano a 2023. Tana yaɗuwa, tana kisa, amma allurar rigakafin yara tana hana ta.

Abin da za a yi a gida

1. A kwanta a gefe. Wanda ke komawa rigingine cikin barci, a ɗinka masa ɗan aljihu a bayan tsohuwar riga, a sa goruba a ciki. Duk lokacin da ya juya, za ta tokare shi ya koma gefe.
2. A ɗaga gefen kai na gado ko katifa kaɗan. Tara matasai da yawa a ƙarƙashin kai kaɗai yana lanƙwasa wuya.
3. Mai ƙiba ya rage nauyi. Wani bincike da aka yi a jihar Wiskonsin ta Amurka, aka wallafa a 2000, ya nuna cewa rage kashi 10 cikin 100 na nauyin jiki yana rage yawan ɗaukewar numfashi da wajen kashi 26 cikin 100. Ga mai kilo 90, kilo 9 ke nan. A rage lemon kwalba, sukari, soye-soye da tulin tuwo da dare, a ƙara ganye, wake da tafiya a ƙasa.
4. A bar giya da taba. A guji ƙwayar barci, tiramol da maganin tari mai kodin. Gwamnatin Tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018. Irin waɗannan suna danne numfashi, kuma ga mai wannan ciwo suna iya hana ƙwaƙwalwa zaburar da shi.
5. A kula da hanci. A rufe hanci lokacin hunturu da lokacin sussuka. A yi girki inda hayaƙi ke fita. A kwana cikin gidan sauro maimakon kunna maganin sauro mai hayaƙi. Babban mutum yana iya wanke hanci da ruwan da aka tafasa ya huce, rabin lita da gishiri ƙaramin cokali ɗaya a shafe. Maganin ɗigawa na buɗe hanci da ake saya a kemis, kada a wuce 'yan kwanaki ana amfani da shi, domin daga baya yana ƙara toshe hancin.
6. Mai gyangyaɗi da rana ya dakatar da tuƙi har sai ya ga likita.

Abin da ake yi a asibiti

A fara da asibitin da ya fi kusa. A auna hawan jini, suga da nauyi, a duba hanci da maƙogwaro. Idan akwai buƙata, a karɓi takardar turawa zuwa babban asibiti.

A Kano, babban wurin da ake tura irin wannan matsala shi ne Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda jama'a ke kira Asibitin Malam. Yana kan titin Zariya a Gyadi-Gyadi, cikin Ƙaramar Hukumar Tarauni. An kafa shi a 1988, kuma a nan ɗaliban likitanci na Jami'ar Bayero suke koyon aiki. Yana da sashen kunne, hanci da maƙogwaro, da sashen yara, da likitocin zuciya da na huhu. Masu zuwa daga Tudun Wada da Doguwa, hanyar da za ta shigo da su gari ita ce ta bi ta gaban asibitin. Waɗanda suka fi kusa da Zariya suna da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. A Kaduna kuma akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, wadda ke duba hanci da maƙogwaro.

A tafi tare da wanda ake kwana ɗaki ɗaya, domin shi ne zai ba likita labarin dare. Idan akwai waya mai ɗaukar bidiyo, a ɗauki mai barcin na 'yan mintoci lokacin da numfashin ke tsayawa. A tafi da dukan magungunan da ake sha.

Gwajin da ke tabbatar da ciwon shi ne gwajin barci, inda ake maƙala wa mutum na'urori su ƙirga numfashinsa da oksijin ɗin jininsa dare guda. Likita zai faɗi inda za a same shi. Magani kuma ya danganta da dalilin:

• Na'urar hura iska, wadda ake kira sifaf, a takarda kuma ana rubuta CPAP. Mutum yana sa abin rufe hanci mai tiyo, na'urar tana turo iska a hankali don hanyar ta zauna a buɗe. Wani likita mai suna Colin Sullivan ne ya ƙirƙiro ta a birnin Sidni na Ostireliya, ya bayyana sakamakon a 1981. Ita ce babban magani ga manya masu ciwo matsakaici ko mai tsanani. Tana da tsada, tana buƙatar wuta dukan dare, kuma tana aiki ne a daren da aka sa ta kawai. Inda babu lantarki, batir da sola sun fi dacewa. Kada a taɓa kunna janareta a cikin ɗaki ko kusa da taga, domin hayaƙinsa yana kisa cikin barci.
• Abin sawa a baki wanda likitan haƙori ke yi daidai da bakin mutum. Yana turo haɓar ƙasa gaba kaɗan. Yana taimakon masu minshari da masu ciwo mai sauƙi ko matsakaici.
• Maganin fesawa a hanci, ga masu toshewar hanci saboda ƙura ko wani abin da jikinsu ba ya so.
• Tiyata. Ga yara, cire 'yan wuya da naman bayan hanci a asibiti yana warkar da yawancinsu. Ga manya, ana iya gyara karkataccen ƙashin hanci ko cire tsiro, amma tiyatar maƙogwaro ba kowa take yi wa amfani ba, sai likita ya tantance.

Mai wannan ciwo ya faɗa wa likita kafin a yi masa kowace irin tiyata, domin allurar sa barci tana buƙatar ƙarin kulawa a wurinsa.

Aikin ƙungiya

Maza su zauna dabam, mata dabam. Kowa ya auna wuyan ɗan'uwansa da tef, ya amsa tambayoyi 8 ɗin nan a ransa. Ba dole ba ne kowa ya faɗi sakamakonsa a fili.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me mutanen ƙauyenmu suke cewa game da minshari? Wanne ne ya yi daidai da abin da muka koya?
2. Ta yaya mace za ta faɗa wa maigidanta, ko ɗa ya faɗa wa mahaifinsa, cewa numfashinsa yana tsayawa, ba tare da ya ji an raina shi ba?
3. Me za mu ce wa kakar da ta nace a cire wa jikanta beli?
4. Idan direba ne mai ciyar da gida, kuma dole ya dakatar da tuƙi na ɗan lokaci, ta yaya ƙungiyarmu za ta tallafi iyalinsa?
5. Za mu iya haɗa kuɗi mu sayi na'urar auna hawan jini, mu kuma buɗe asusun kuɗin mota zuwa asibiti?

Kafin a tashi, a zaɓi mutum biyu, namiji da mace, waɗanda za su gayyato ma'aikacin lafiya na kusa ya zo ya auna hawan jinin kowa a taro na gaba. Cikin wannan mako kuma, kowa ya saurari barcin mutanen gidansa, manya da yara, ko da dare ɗaya ne. Rigakafi ya fi magani.